Ƙafar Keken Ɗinki

Kwanyawa, Laraba

Yaya Abdussalam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Anti Mas'uda da yara. Ya Rogo, ya damina? Barira ce, matar ƙaninka. Malama Nuriyya ke rubuta min, na ce yadda na faɗa haka za ta sa. Waya kam ni da ita har abada.

Yaya, ku daina neman wanda ya nuna wa 'yan sanda ƙaninka. Ni ce.

Ranar da aka yi zanga-zangar nan a birni, ina yi wa yarinya wanka maƙwabciyata ta shigo da waya, wai in zo in ga ɓarayin Kano. Sai ga mutum yana gudu da kan keken ɗinki a kafaɗa, 'yan sanda suka cim masa suna ta duka, har ya faɗi bai saki keken ba. Rigar jikinsa da hannuna na wanke ta. Ban san sanda na saki yarinyar a baho ba.

Sai na ɗauki wayata in gaya wa Yaya Ummulkhair, tunda ita ce a birni kusa da shi. Ka san ni ba karatu, da hoto nake gane mutum. Hoton jaririnta ne a lambarta. Ashe matan da suka haɗa gurup ɗin ankon suna, su ma hoton jaririn suka sa. Na danna gurup ɗin ban sani ba, ina kuka ina magana. Ni da tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunansa ba, ko a asibiti sai dai in ce maigida, ranar na faɗe shi har da sunan Baba, da unguwar da shagon yake, da layin.

Ashe ranar keken kawai suka karɓe, shi ya lallaɓa ya koma shago yana jinya. Sai da muryata ta fita aka je aka ɗauke shi. An ɗora ta kan bidiyon, wai matar ɓarawo ta tona masa asiri. Inda na ce keken nasa ne, gadon Baba ne, sun yanke. Har a rediyo na ji kaina.

Ba na iya barci, nonon ma ya ja baya. Ka gaya min ko yana da rai. A yafe min.

Barira

Rogo, Asabar

Zuwa ga Barira,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ta hannun Hammawa direba.

Sulle yana da rai. Na je birni na gan shi inda ake tsare da su. Hannunsa na dama a kumbure yake, amma yana cin abinci. Abin da ake tuhumarsa da shi, wai daga wani wurin koyon sana'a da aka fasa ya ɗauko keken. Shi kuma ya ce wuta aka cinna a layinsu, shi ne ya kwance kan keken ya gudu da shi.

Akwai lauya da ke tsaya musu kyauta. Ya ce in aka samu muryarki ta asali, wadda ba a yanke ba, za ta taimaka. Saboda haka ki ba Hammawa wayar gobe, kada ki goge komai.

Maganar laifi kuwa ki ajiye ta tukuna, ki kula da 'yarki Nusaiba. Sulle ya ji muryar, 'yan sandan ne suka kunna masa. Ya ce in gaya miki: "Ashe dai ta san sunana."

Ki gaida Inna. Wassalam.

Yayanku, Abdussalam

Kwanyawa, Lahadi

Yaya,

Ina wuni, ina gajiyar hanya. Allah ya bar zumunci. Da Malama ta karanto abin da ya ce, sai da ta ajiye biro ta jira ni.

Yaya, wayar tana cikin masai. Mata ne suka ce min ta waya ake bin mutum har ɗaki, in an zo da ni da goyo za a tafi. Shi ne na jefa ta. Yau tun safe nake bin gidajen matan gurup ɗin da na sani. Kowacce sai ta ce ta goge, mijinta ya ce ta goge. Wata ko tabarma ba ta ba ni ba. Amma yankakkiyar tana wayar kowa.

Ka ga sau biyu ke nan na cuce shi.

Sai dai ban sani ba ko wannan zai yi. Kan keken kawai ya tafi da shi birni, a shagon ya samu tebur. Ƙafarsa tana nan ɗakina, kwanuka nake jerawa a kai. Ka tuna ƙarfen da ke riƙe kan ya taɓa karyewa, Baba ya kai maƙera, ya shafa masa koren fenti na ƙofar zaure? Rabin ƙarfen yana jikin kan, rabi yana nan. In aka ɗora zai zauna daram. Ko alƙali yana duba irin wannan?

A gaida gida.

Barira

Rogo, Alhamis

Barira,

Bayan gaisuwa. Lauya ya ce a kawo ƙafar ranar Litinin. Bai yi alkawari ba. Ya ce kuma dole ki tsaya da kanki, ki faɗi sunan mijinki cikakke a gaban alƙali, ki ce muryarki ce kuma an yanke ta.

Akwai abin da na kasa rubutawa a waccan takardar. Bidiyon nan, kafin muryarki, ni na tura shi gurup ɗin malamanmu da na dangi. Na rubuta a ƙasa, Allah wadaran naka ya lalace. Ban tsaya na kalli fuskar ba. Na bincika, ta wayar Mas'uda ya isa wurin maƙwabciyarki. Ke kin gane shi da riga. Ni da muka sha nono ɗaya, da karatuna, ban gane shi ba.

Ban gaya masa ba tukuna.

Abdussalam

Kwanyawa, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sauke kwanukan, an kai ƙafar tashar Karaye, in motar Hammawa ta biyo sai ku tsaya mana. Da yarinyar zan zo.

Maganarka kuwa, kai za ka gaya masa, ni ba ruwana. Amma ka bari hannun ya warke.

Malama ta ce in gwada faɗin sunan yanzu, daga ni sai ita. Na gwada, ya ƙi fita. Ranar Litinin ka tsaya inda zan riƙa ganinka.

Sai mun zo.

Barira