Kada Ka Je Rafin Kakangi

Hammadu ƙanena,

Zubin tagullar jikata Zakiyya ya fito lafiya, ko tsaga babu, alhamdu lillahi. Ka yafe mini, murna ta sa gaisuwa ta zo a baya. Ina gajiya, ya iyali? Ya ƙafar Ummi? Allah ya sa an bar ku kun cire masara.

Ka san aikinmu: a yi siffa da kakin zuma, a yaɓe ta da yumɓu da yashi, a narkar da kakin, a zuba tagulla. Tun da muka gudo Kaduna, duk yashin da muka gwada ba ya jure wuta, sai ya fashe. Muna ci dai, ko da ba kullum ake ɗora tukunya ba.

Jikar nan tawa ta yi ta bin masu tifa har ta samo wani yashi fari mai laushi. Na ga ta sa shi a haƙori tana taunawa, kamar yadda ubanta Suhaibu yake gwadawa. Sai na tashi na fita waje.

Don haka buhun da ka ce za ka ɗebo mini a rafin Kakangi, na yafe. Kada ka je, kada ka aiki kowa. Yashin rafin nan Suhaibu ya tafi ɗiba, kai ka yi wa gawarsa wanka.

Ƙararrawa ta zuba, irin ta wuyan saniya. Ku zo dukanku ku gani, ku ji amonta. Amma ku jira ranar da sojoji ke rakiya.

Yayanka,
Abdulfattah