Jirginka Bai Sauka Ba, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji.

Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da Kano. Ina Jidda, garin da ka yi ta nufa ba ka iso ba. Da bizar umara na shigo, ta ƙare, na zauna. Ina dakon kaya a wani sito kusa da filin jirgi, ba takarda, ba ranar hutu. Jirage na wucewa ta kan rufinmu har mun daina ɗaga kai. Na rubuto ne in ba ka rahoton naka jirgin, don na san ba ka son a ɓoye maka asara.

Ka tuna shekarar da soja suka miƙa mulki. Duk majalisar da ka zauna a Tarauni zancen ɗaya ne, wai yanzu za a biya 'yan fansho haƙƙinsu. Ka yi ta zirga-zirga da fayil a hammata har takalminka ya cinye. Da aka tashi, wani yanki na garatutin aka ba ka, bai kai kujerar Makka ba. Sai ka sayi kwamfuta ta hannu, ka kama mana shago a Gyadi-Gyadi, ni da ƙanina Nasiru, mu riƙa buga takardu da katin biki. Ka ce kujerar daga nan za ta fito.

Malam Ishaya ne ya kawo faifan wasan tuƙin jirgi, abokin hirarka ɗan Kudancin Kaduna mai koyar da labarin ƙasa. Ɗansa ne ya tafi jami'a ya bar shi. Ka yi faɗa ranar, ka ce ba don wasa ka zuba guminka a injin nan ba. Kana cikin faɗan idonka ya kai kan sunan Kano a jerin filayen jirgi. Can ka tambaya ko akwai Jidda a ciki.

Akwai.

Ka ƙi manyan jirage. Ƙarami ka zaɓa, mai fanka ɗaya a hanci, ka ce tsoho ba ya gudu. Malam Ishaya ya shimfiɗa taswira a kan firinta ya ja maka layi da jan biro: Maiduguri, Tafkin Chadi, Sudan, Bahar Maliya. Kullum bayan la'asar, in akwai wuta kuma ba kwastoma, sai ka ja kujera ka gyara tabarau ka ce bismillahi. In an kira magariba mu adana maka inda ka tsaya, gobe ka ɗora. In aka ɗauke wuta kafin a adana, tafiyar ranar ta tafi a banza. Janareta kuwa ka hana a tayar maka, ka ce man na aikin mutane ne.

Duk unguwar, Malam Ishaya kaɗai ke kiran ka Alhaji. Yana leƙowa zai ce, “Alhaji, ina aka kwana? Kar fa a manta da dabinona.” Kai kuma ka ce ya kwantar da hankalinsa, a dawowa za ka biya ka sauke shi Urushalima, kuɗin mai kawai zai bayar.

Ka kusa Maiduguri Nasiru ya kwaso wasu jiragen yaƙi daga shagon intanet ya cusa a wasan. Wasan ya ƙi buɗewa. Dole muka goge muka sake sawa, ka tsinci kanka a Kano kamar ba ka taɓa tashi ba. Ba ka zage shi ba. Hularka ka ɗauka ka tafi masallaci tun ba a kira salla ba, kuma da ka zage shi ɗin da ya fi mana sauƙi.

Abin da ya sa na koyi sa wasan sau uku a kwamfuta ɗaya ke nan, kowane a foldarsa, kowane da alamarsa a kan allo: BABA, NASIRU, SAMINU. Kowa ya ɓata nasa, na wani bai sani ba. Naka na gyara shi yadda nake so duniya ta yi maka: sama garau, ba iska, mai ba ya ƙarewa, ko ka daki ƙasa jirgin ba ya fashewa. Na Nasiru hadari ne da tsawa kullum, haka yake so, kuma cikinmu shi kaɗai ya iya sauka. Ni sai dai in tashi.

Kwafi ukun nan sun cinye fiye da rabin had-dis ɗin, ƙarfen nan da ke riƙe da komai na cikin kwamfuta. Aikin mutane sai mu buga mu goge nan take don a sami wuri. Ban taɓa gaya maka ba.

Ka ɓata hanya a Chadi, ka yi ta kewaye a hamada, ka dawo kan layi. Ka ƙetare Sudan kusan duka. Ranar ƙarshe da ka zauna kujerar nan ka ce ka fara hango shuɗi a gaba, in Allah ya kai mu gobe ruwa ne. Goben a asibiti ta same ka. Kujerar Makka ba ta fito daga shagon ba, ragowar garatutin ma har yau ban ji an biya Inna ba.

Bayan sadakar arba'in Nasiru ya ce a goge wasan, yana son sa manhajar zanen kati, kwastomomi suna komawa shagunan Hotoro. Ya ce, “Yaya, Baba ya gama tafiyarsa, mu ne ba mu gama ba.” Maganar ta ƙona ni, har yau da zafinta. Amma zan faɗi gaskiyarsa: duka ukun ya ce a goge, har da nasa, kuma shi ne ya zauna ya riƙe Inna da ƙannenmu mata da shagon nan, ba ni ba. Na sayo masa wani had-dis na cire wancan. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, da na taho ita ma ta yanke.

Na naɗe tsohon had-dis ɗin a safa na sa a gwangwanin madara, ya bi ni ɗaki bayan ɗaki. Niyyata in sauke maka jirgin a nan, ina zaune a garin. Amma wanda ke kwana da mutum bakwai a ɗaki ɗaya, yana sauraron takun 'yan sanda, ba ya ajiye kwamfuta. Na yi ta cewa baɗi.

Watan jiya aka kama wani ɗan Zariya da muke ɗaki ɗaya, aka mayar da shi gida. Ya aiko a sayar da tsohuwar kwamfutarsa, na saya. Da na jona had-dis ɗinka sai ya fara ƙas, ƙas, ƙas. Na kai wa wani mai gyara ɗan Sudan. Ya kara a kunne ya ce laimar teku ta shige shi, zai iya juyawa sau ɗaya ko biyu, daga nan shi ke nan. Ya tambaye ni wanne zai fara kwashewa. Na ce na Baba.

A kan naka ya maƙale, Baba. Nan ne wajen da ya fi ruɓewa. Ina tsaye ina kallon sunayen fayiloli suna fitowa suna ɓacewa, mutumin yana ta ba ni haƙuri da Larabci, kamar shi ya yi.

Fayil ɗaya ya fito daga foldarka da ransa, kuma ba na ƙarshen ba ne. Ba inda zai buɗe sai a kwafin Nasiru, don shi ne ya tsira. Na sa shi a ciki. Ga ɗan jirginka, ga hancinsa yana kallon gabas, ga Tafkin Chadi a ƙasa. Duk hamadar da ka sha, duk Sudan, shuɗin da ka hango, babu. Na zauna hannuna a cinya har allon ya yi duhu.

Hamadar zan iya sake ƙetare maka ita, a hankali, bayan aiki. Saukar ce ban iya ba. Lambar Nasiru tana wayata, Inna ta sa an turo min tun bara. Ban kira ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka makwancinka, ya rubuta maka ladan tafiyar da ka yi niyya. Allah ya jiƙan Malam Ishaya da irin alherin da ya yi maka, in yana raye ya ba shi lafiya. Waɗanda suka riƙe haƙƙinka kuwa, na bar su da Shi.

Ga abin da na iya cetowa. Nawa, ba ko ɗaya. Na Nasiru, duka, har da jiragen yaƙin. Katin bikin wasu mutane da ban sani ba, guda huɗu. Naka, fayil ɗaya.

Ɗanka,
Saminu
Jidda