Wutar Murhunki Ta Iso Kurayyat

Zuwa ga Hajiya, uwar Salihu.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke mu nan lafiya lau. Kin san hannuna bai san alƙalami ba. Salihu ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Dalilin wasiƙar nan, mun tashi daga gida. Baladiyya, wato hukumar gari, ta shafa jan fenti a bangonmu, wai titi zai ratsa tsakiyar unguwa. Tun da kuɗin mai ya fara zuba, Jidda ba ta barin komai ya tsufa a inda yake.

Kin tuna isowarmu a jirgin ruwa daga Sawakin ta Sudan, ba a daɗe da rushe ganuwar gari ba. Da gwangwanin kananzir da katakon akwati na haɗa mana ɗakin farko, rana ta buɗe ya koma tanda. Daga baya muka yi na bulo. Unguwa ta cika, ga Kanawa, ga Zabarmawa, ga mutanen Barno. Ke kika fi kowa sammako, don haka a murhunki matan layi ke ɗibar wuta, kowace da guntun kaskonta. Kullum sai ki ce, "Ƙara, ai ba siyowa na yi ba."

Bayan rasuwarki aka fara watsewa. Wasu suka koma unguwar Bani Malik, wasu Khumra, wasu iƙama, takardar izinin zama, ta gagare su suka tafi gida. Da safe in na leƙa layi, ƙofofin da ke rufe sun fi na buɗe yawa. Salihu ya gina gida a unguwar Kurayyat, har da murhun gas, ya yi ta lallashina. Na ce masa katafila ta zo ta kwashe ni tare da bangon. Yana nan yana murmushi, to ya rubuta, haka na faɗa.

Ba son tsohon gini ya riƙe ni ba, Hajiya. A Kurayyat wa ya san ki? A tsohon layi ko yaro ka tambaya gidan Ummu Salih, kamar yadda ake kiranki da Larabci, zai nuna maka. Na ji tsoron in na tashi, sunanki ya tsaya a baya.

Abin da ya sauko da ni, kin tuna Dogo? Baturen nan injiniya da nake yi wa gadi a aikin tashar jirgin ruwa, ɗan ƙasar Ailan, wanda yake ɓata rai in an kira shi Ingilishi. Yakan zauna bakin ƙofa mu sha shayi, yana ba ni labarin ƙauyensu da karyayyen Larabcinsa. Ya ce a zamanin kakanninsa ƙauyukan yankinsu cike suke, ɗakunan dutse masu rufin ciyawa, ko'ina hayaƙi. Sai dankali ya lalace, yunwa ta shigo, waɗanda suka tsira suka riƙa hawa jirgi zuwa Amurka. Tafiyar ba ta tsaya ba har zamaninsa. Rufi ya yi ta ruftawa, awaki na kwana inda aka haifi mutane, amma har yau ana kiran kowane kango da sunan masu shi.

Ya ce in iyali za su tafi, maƙwabciya kan shiga ta ɗebo wutar murhunsu ta zuba a nata, ba ta bari ta mutu, don ranar da suka dawo su karɓi abinsu. Mahaifiyarsa ta riƙe wutar gidaje da yawa. Da na ba ki labarin kika yi dariya kika ce, "Ashe Turawa ma suna ɗibar wuta." Kafin ya bar Jidda ya gaya mini wasu sun fara dawowa, suna gina gidajen siminti masu faɗin taga a gefen kangayen iyayensu.

Maganar nan ce ta dawo mini ranar da na ga katafila a bakin layi. Na ce wa Salihu shi ke nan, zan tafi, amma da sharaɗi. Na hura murhunki, na cika kasko da garwashi, na ɗauki duwatsun nan naki uku. Ya ce ba a shiga mota da wuta, ga fetur. Na ce to ya tafi, zan biyo shi da ƙafa, ai da ƙafa na zo daga ƙasar Katsina. A bayan a-kori-kura na zauna, kasko a gabana, har Kurayyat.

Surukarki Zainabu ta ce hayaƙi zai ɓata sabon bango. Na ce ba don haka ake sayar da fenti ba? Yanzu ita ce ke binne mini garwashi cikin toka kafin ta kwanta.

Jiya da hantsi aka yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, Bahaushiyar Sudan, ba mu taɓa magana ba. Tana riƙe da kaskon turare, tana jin kunya, ta ce gas ba ya ba da garwashi, ta ga hayaƙi a gidanmu. Na ɗebar mata, na ce ƙara, ai ba siyowa na yi ba. Na gaya mata wutar wa ce. Yau da safe na jiyo ta ta kan katanga tana gaya wa wata ta zo gidan Ummu Salih, akwai wuta.

Malam Isa maƙwabcinmu na da ya aiko daga Khumra, wai ranar Juma'a zai zo ya ɗebi tasa wutar.

To kin ji, Hajiya. Kin riga ni yin suna a sabuwar unguwa, kamar yadda kika yi a tsohuwar.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki makwanci, ya sa Aljanna ce gidanki na ƙarshe, inda babu mai shafa jan fenti. Ya haɗa mu a can. Amin.

Ni ne mijinki mai taurin kai,
Alhaji Mamman, mai tsaron murhu.