Shingen Kwamanda

Kilomita Biyar, Bangi
Disamba, 1996

Zuwa ga maigidana, Baban Jamila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya tsayuwar rana a bakin shinge? Mu muna lafiya, in ka cire mahaifiyarka, Inna, da ciwon ƙirjin ya sake tasar mata. Tun da sojoji suka koma bore ba ta sa ka a ido ba, kullum tana kallon ƙofa.

Labarinka dai a kasuwa muke shan sa. An ce yanzu ba mai ce maka bakanike, sai Kwamanda. Sannu da girma! Mutumin da ko Jamila ba ta jin tsawarsa, yau shi ke tare hanyar maƙabarta da tsofaffin tayoyi da samari masu bindiga. Na tambayi Malam Sha'aibu, ɗan Kanon nan mai atamfa a Titin Koudoukou, ma'anar sabon sunan naka. Ya ce Turanci ne, mai ba da oda ke nan, amma tushensa a tsohon harshen Rumawa shi ne a danƙa wa mutum abu a hannu ya riƙe amana. Wa ya danƙa maka hanyar nan, ni dai ban sani ba.

An kuma ce ka kafa doka, duk makarar da za ta wuce sai an kwance gawa an duba, wai ana ɓoye makamai a ciki, har ka bugi ƙirji ka ce ko ta uwarka ce. Ban gaya wa Inna ba, kunya ta hana ni. Don Allah ka janye wannan magana, ka zo ka gan ta. Ina kewarka, duk da haushinka da nake ji.

Taka,
Rahama

Kilomita Biyar, Bangi
Janairu, 1997

Zuwa ga Baban Jamila,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kana cin abinci yana shiga. Yaya haƙurinmu?

Ka riga ka ji Inna ta rasu, amma na tabbata yaranka ba su ba ka labarin yadda ya kamata ba, ni kuwa ba zan rage maka komai ba. Da hantsi ta cika, tana tambayar ko ka iso. Muka aika, aka ce ka tafi unguwar Miskine cin gasasshen ɗan akuya da manya. Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata likkafani da hannuna, ban bar ko yatsarta a waje ba.

Bayan azahar aka sallace ta, ƙanenta Kawu Mahaman ya shige gaba. A shingenka aka tsayar da su. Kawu ya roƙe su da Hausa, ya roƙe su da Sango, yaren ƙasar nan, ya rantse musu cewa mahaifiyar Kwamanda ce. Suka yi dariya, suka ce kowa haka yake faɗa, kuma ai ka riga ka ba su amsar wannan. Aka sauke ta a kan kwalta cikin rana. Ɗaurin nawa ya yi musu tauri, sai suka sa wuƙa. Matar da ko maƙwabci bai taɓa ganin gashinta ba, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga mata haɓa da bakin bindiga. Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa mata, ya ƙarasa maƙabarta da 'yar shara. Ka yi alfahari, yaranka akwai biyayya.

Buhun shinkafar da ka aiko don sadakar uku yana zaure, kaji na tsattsagar sa. Ba wanda ya yarda ya dafa.

Ɗan aikenka ya ce ranar Juma'a za ka zo a raka ka kabarinta ka yi addu'a. Kada ka wahalar da motarka. Kawu ya hana a kafa mata ko guntun ƙarfe don alama, kuma duk waɗanda suka kai ta sun yi masa alkawari ba mai nuna maka. Kaburburan da aka haƙa a watan nan suna da yawa, duk jar ƙasa iri ɗaya.

Na san za ka ce ni in faɗa maka. Ina son ka har yanzu, shi ne abin da ya fi ƙona min rai, kuma da na sani wataƙila da na yi rauni. Amma ni mace ce, a bakin zaure na tsaya. Ko bindiga ka sa min, ban san inda uwarka take ba.

Jamila na gaishe ka.

Matarka,
Rahama