Ƙwayoyinki Masu Rufe Rumfa

Zuwa ga Jummai, sanyin safiyar Kainji, farin watan da ke wanka a tabki, zumar da ta hana ni jin zaƙin rake.

Kafin komai, ki gaishe min da ƙwayoyin nan naki na bakteriya. Allah ya ƙara masu basira! Halittar da ido ba ya gani, ta ɗauke min mace sukutum daga Yelwa zuwa jami'a a Sakkwato, ko goro ba ta kai wa iyaye ba. Wane saurayi ya taɓa irin wannan bajinta?

Kin tuna ranar da munka shiga jirgin ruwa zuwa kasuwar Warra, kina shan nono kina min karatu? Kinka ce kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun gadonta, kamar kasuwa mai rumfuna birjik, amma ba ta buɗe su duka. Rumfar narkar da madara, wai mai gadi ne zaune a bakinta. Sai zaƙin madara ya shigo ya ja shi gefe, sannan a buɗe a kama aiki; madara na ƙarewa, ya koma mazauninsa, a garƙame. Na yi dariya har mai tuƙi ya waigo, na ce wannan ai rowa ce aka sa wa rigar boko.

Yanzu dariya ta ƙare, ya hasken idona. Ni da ko ƙayar kifi ba ta faɗuwa banza a rumfata, ƙwayar da ke cikin ƙwaryar nono ta fi ni dabara. Ba kya nan, amma ban rufe ba! Duk ranar kasuwa sai in ware giwan ruwa mafi maiƙo, in yi masa banda da hannuna, fataken Onisha su taya in ce an saya. Wa ya saya? Ke, da hutu bayan hutu kina can kina kiwon abin da ba ya ko gaishe ki. Ruwa ya cika ya janye, an yanka mana sabuwar jiha, kowa na murna, ni ina bakin tasha ina leƙen duk motar Sakkwato da ta biyo ta garin Koko.

Kawu Modibbo ya shirya zuwa wurin mahaifinki, kalmarki kaɗai yake jira. Inna ta daina tambaya, kallona kawai take yi, kuma kallon ya fi ciwo. Ki ce a zo, Jummai. Ban ce ki bar karatu ba. Ki riƙe ƙwayoyinki, ni ma a ba ni lungu. In nisa ne ya zaunar da mai gadi a ƙofar zuciyarki, gobe zan hau mota in zo in ɗaga shi da kaina.

Abu ɗaya ke ci min rai. Muna dab da gaɓa kinka ƙara da cewa in ƙwayar ta sami wani sukari mai sauƙin ci, ko madara ta zo har ƙofa, ba ta cika damuwa da buɗewa ba.

Naki ni kaɗai, har ranar da za a shuka gero a tsakiyar tabkin nan,
Ladan mai banda, kasuwar Yelwa.

Af, malamar ƙwayoyi: can Sakkwato, wa ke kawo sukarin?