Injin Babur ɗin Marigayi

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Daura da sauƙi.

Motar da marigayi yaron wajena ya fara haɗawa, na ƙarasa ta, ni injiniyan da ya tsaya a aji huɗu. Tayoyin keke napep, kujerun tsohuwar tasi, injin kuwa na babur ɗinsa ne da aka kwaso a hanyar Mai'adua bayan hatsarin da ya rasu a ciki. Ba ta da giyar baya, sai in sauka in tura.

Jiya na tayar da ita. Ni ban ji komai a raina ba. Uwarsa ce ta gane ƙarar, ta fito ba mayafi tana waige-waige. Ta ce kada in sake, kuma kada in sayar.

A sa mu a addu'a. Gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Idi