Malamar Ruwa Ta Ce In Kama Bakina

Asabar, 2 ga Maris

Ilimi dai ya yi. Auta ya shekara biyar bai ce "Mama" ba, likita ya kira abin otizim, yau kuma an gano maganin: wanka. Wai a kai shi kwamin ninƙaya. Ashe ni da ke cuɗa shi safe da yamma asibiti gare ni ban sani ba. Babansu ya ce a gwada. Na rufe shago muka tafi.

Asabar, 9 ga Maris

Malamar ruwan siririya ce, ba ta da bakin sayar da ko allura. Ta tallafe shi cikin ruwa mai ɗumi, ta ja shi yana dariya, sai ta tsaya cak tana kallonsa. Daga gefe na ce, "Ƙari yake so." Ta sake tsayawa, na sake faɗa. Da za mu fita ta ce, "Yaya, ba ke kika jawo masa ba. Amma in kin riga shi, shi me zai faɗa?"

Ni za a koya wa magana. Da bakin nan nake aurar da yadin da ya tsufa a shago.

Laraba, 20 ga Maris

Na ce ba ma komawa. Auta ya ɗauko tawul ya tsaya bakin ƙofa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Mun koma. Malamar ta zaunar da ni kan benci, in riƙe tawul in kama bakina. Ta ja shi, ta tsaya. Ya dube ta, ya mari ruwa, ya dube ni. Maganar ta zo mini har maƙoshi, na cusa tawul a baki. Can, da wata 'yar murya a dishe, ya ce, "Ƙara."

Na gode Allah. Ita ma Allah ya saka mata, ko da yake ban faɗa da ƙarfi ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ya tsaya gaban firji. Na san abin da yake so, kofin ma yana hannuna. Na jira. Ya ce, "Ruwa." "Mama" dai tana hanya, ba na gaggawa.

Jiya mai takalma, maƙwabciyar shagona, ta ce, "Ƙawas, haƙori ne? Na ga kin bar mai saye ya kai aya." Na ce gajiya ce.

Shekara da shekaru ina kasuwa, wa ya ɓoye mini cewa shiru ma yana ciniki?